Yadda za ki gasa sikon da gyaɗa da dabino a gida, ya tashi ya yi laushi

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata. Yau sikon za mu yi, wannan ɗan burodin shan shayi na mutanen Birtaniya da ake gani a shagunan kek, wanda idan aka yi shi daidai samansa zai yi ja ya ɗan yi ƙaras-ƙaras, cikinsa kuma laushi, kina kama shi da hannu biyu ya rabe gida biyu ba sai kin nemo wuƙa ba. Da yawa sun gwada sun haƙura saboda ya fito musu da tauri ko kuma ya baje a tire ya ƙi tashi, kuma yawanci abu uku ne ke jawo haka, ko bota ta narke tun kafin ta shiga wuta, ko an murza kwaɓin da yawa, ko oben bai ɗau zafi ba aka saka. A garuruwanmu da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, na farkon nan shi ne babban aikin, don haka a kansa zan fi daɗewa.

Asalinsa daga Sikotlan ne can arewacin Birtaniya. Da can da garin hatsinsu na oti suke yinsa, su yi shi babba guda ɗaya mai faɗi su gasa a kan farantin ƙarfe bisa wuta, sannan a yanka shi gida-gida mai kusurwa uku. Sai da bekin foda ta samu sannan ya koma mai tashin nan da ake gasawa a oben. Wani mai haɗa magunguna a garin Birmingham mai suna Alfred Bird ya haɗa tasa a 1843 saboda matarsa jikinta ba ya karɓar yis, kuma a wajen shekarun nan ne shan shayin la'asar ya shiga gidajen manya a Ingila, sikon ya samu wajen zama a faranti kusa da butar shayi. Na Ingila zagaye ne, suga kaɗan, a ci da jam da kirim. Na Amurka ya fi bota da zaƙi, yawanci mai kusurwa uku, kuma su suka fi cika shi da gyaɗoji da busassun 'ya'yan itace. Namu na yau yana tsakiya. Ki riƙe maganar farantin ƙarfen nan, za ta yi wa marasa oben amfani a gaba.

Ga abin da za ki tanada. Fulawa giram 500, wato kofi 4 na kofin awo idan kin zuba da cokali kin share saman ba tare da kin danna ba. Bekin foda ƙaramin cokali 5. Gishiri rabin ƙaramin cokali. Bota giram 120, kusan rabin ledar nan mai giram 250. Suga babban cokali 6, amma idan da dabino za ki yi 4 ma ya isa don dabinon zai kawo nasa zaƙin. Ƙwai ɗaya na cikin kwaɓi da wani ɗaya na shafawa a sama. Madara mai sanyi kusan kofi ɗaya. Sai gyaɗa ko kashu giram 80 zuwa 100, da busassun 'ya'yan itace giram 100 zuwa 120, dabino ko zabibi ko ki haɗa su. Wannan zai ba ki guda 12 zuwa 14 matsakaita. In kina da sikelin kicin don Allah ki yi amfani da shi, fulawa ita ce ta fi yaudara a kofi, wadda ta danna kofi da wadda ta zuba sama-sama ba abu ɗaya suka auna ba.

Kafin komai ki gwada bekin fodar ki. Ki ɗebi rabin ƙaramin cokali ki zuba a ruwan zafi, in ta taso da kumfa nan take tana da rai, in ta kwanta shiru a ƙasan kofi ki sayo sabuwa. Gwangwanin da aka buɗe tun bara ya sha damina a kan kanta da wuya ya yi miki aiki, kuma sikon ba shi da yis, ba a buga shi a shigar masa da iska irin na kek, wannan hodar da tururin bota su kaɗai ne za su ɗaga shi.

Yanzu maganar gyaɗa, ki fara da ita tun da wuri don sai ta huce sarai kafin ta shiga kwaɓi. Ki zauna ki tsince ta da kyau, duk wadda ta yi funfuna ko ta motse ko ta canza kala ki zubar, gyaɗa mai funfuna tana ɗauke da guba mai cutar da hanta kuma suya ba ta kashe wannan gubar. Sai ki soya ta a busasshen kasko ko da yashi yadda muka saba, wuta kaɗan kina juyawa har ta yi ƙamshi ɓawon ya fara saki, ki juye a faifai ta huce ki murje ki fece. Daga nan ki ɗan daddaka ta a turmi sama-sama, so ake kowace ƙwaya ta fashe gida uku ko huɗu, kar ki bari ta yi laushi ta fara fitar da mai. In soyayya kika saya mai gishiri to ki rage gishirin kwaɓin. Kashu ma haka, ki ɗan gasa shi ki sara da wuƙa, shi ya fi laushi a baki kuma yana tafiya da zabibi sosai. Almon da sauran na kanti duk suna yi in akwai hali, amma gaskiya ni gyaɗarmu da dabino sun fi min, ƙamshin soyayyar gyaɗa cikin bota abu ne na daban. Ɗanya kam kar ki saka, minti 15 ɗin da zai yi a oben ba zai gasa ta a cikin kwaɓi ba, za ki ji ta da ɗanyen ɗanɗano. Kuma in za ki ba baƙi ko yaran makwabta ki faɗa musu akwai gyaɗa a ciki, akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗaukarta ko kaɗan, abin yana iya kai su asibiti.

Dabino iri biyu muke samu, kowanne da yadda ake bi da shi. Mai laushin nan irin wanda alhazai ke kawowa ko na kwali, ki cire ƙwallon ki duba cikinsa don wani lokacin akwai tsutsa ko ɗan baƙin gari, sai ki yanka ƙanana da almakashi, ki barbaɗa masa fulawa cokali ɗaya ki cakuɗa don kar ya dunƙule waje ɗaya. Busasshen kuma, mai taurin nan da ake kawowa daga Nijar ana aunawa a mudu, sai kin jiƙa shi. Ki fasa ki cire ƙwallo ki wanke, ki zuba masa ruwan zafi ko baƙin shayi mai zafi ya yi minti 15 zuwa 20 har ya yi laushin da wuƙa za ta shiga, ki tsame ki yanka ki shanya a kan tsumma mai tsabta. Zabibi minti 10 ya ishe shi. Dalilin jiƙawar shi ne busasshen abu in ya shiga kwaɓi zai zuƙe ruwan kwaɓin ya bar miki sikon a bushe. Amma fa ki tsane su sosai kuma su huce, in suka shiga da ɗumi ko suna ɗigar ruwa sun ɓata miki duk wahalar da za ki yi a kan bota.

Toh ga botar. Ki sa ta a firiza ta yi tauri, aƙalla minti 30, in ta kwana ma ya fi. Abin da ke faruwa shi ne, bota ba zallan mai ba ce, wajen kashi 80 cikin ɗari ne mai, sauran yawanci ruwa ne. Idan ƙananan gutsattsarinta suka shiga oben mai zafi suna nan da taurinsu, ruwan cikinsu zai zama tururi ya tura kwaɓin sama ya bar 'yan ramuka, shi ne kike ganin cikin sikon yana ɓarewa falle-falle. In kuwa ta narke tun a roba, fulawa ta shanye ta, babu sauran abin da zai ɗaga, sai ya fito a danƙare da maiƙo. Shi ya sa man gyaɗa ba ya yi a nan, soyayyen man shanu ma haka don suyar ta kore ruwan da ke cikinsa. Ɗanyen man shanu na Fulani kuwa yana yi, ki wanke shi da ruwan sanyi ki tace duk wani datti, ki matse ki sa a firiza ya daskare, yana ba da ƙamshi mai ƙarfi, wanda ya saba da shi zai so, wanda bai saba ba ki haɗa masa rabi da rabi. Botar gashi irin su Simas ita ma tana yi in ta yi sanyi sosai. Wadda ba na ba da shawara ita ce mai laushin nan ta shafa wa burodi, ko daga firji ta fito ba ta tauri yadda ake so.

In lokacin zafi ne ki yi aikin da sassafe bayan asuba kafin kicin ya ɗau zafi, ki sa har robar da fulawar a firji na minti 20, madarar ma ta zama mai sanyi ƙarara. In babu wuta ki sayo ƙanƙara ki sa a kula, ki ɗora botar da madarar a kai, sannan ki ɗora robar kwaɓin a kan wata roba mai ruwan ƙanƙara lokacin da kike aiki. Da hunturu kam abin ya zo da sauƙi, shi ne lokacin da ya fi dacewa mai koyo ta fara.

Ki kunna oben tun yanzu, digiri 220, in mai fanka ne 200, in na gas ne mai lamba ki kai shi 7. Ya samu minti 15 zuwa 20 yana ɗaukar zafi. Ki shimfiɗa takardar gashi a tire ko ki barbaɗa fulawa kaɗan.

Ki tankaɗe fulawa da bekin foda da gishiri a roba mai faɗi, ki zuba suga ki juya. In kina son ƙamshi nan ne wajensa, kirfa rabin ƙaramin cokali tana tafiya da dabino, gyaɗar ƙamshi ɗan kaɗan, ko ki goga ɓawon lemon zaƙi guda ɗaya, saman kawai banda farin don yana ɗaci. Kar ki haɗa su duka, ki zaɓi ɗaya ko biyu. Sai ki ɗauko botar daga firiza ki goga ta a magogi ta wajen manyan ramuka kai tsaye cikin fulawar, kina yi kina watsa mata fulawa don kar ta manne. Wannan dabarar ta magogi ita ce ta fi dacewa da yanayinmu saboda ta rage lokacin da hannu zai taɓa botar. In babu magogi ki yanka ta ƙanana da wuƙa. Daga nan da kan yatsu kawai za ki yi aiki, banda tafin hannu don ya fi ɗumi, ki ɗebo fulawa da bota ki ɗaga sama ki ɗan murza tsakanin babban yatsa da sauran ki saki ya zubo, ki sake ɗebowa, da sauri-sauri, minti 2 zuwa 3 ya isa. Ki tsaya lokacin da ya koma wara-wara kamar dambu, amma in kin duba da kyau kina ganin 'yan fallayen bota rawaya-rawaya nan da can, wasu sun kai girman ƙwayar wake. Kar ki bi su ki murje, su ake nema. In kika ji yatsunki sun fara maiƙo garin ya fara kama jikinsa, ki tsaya ki mayar da robar firji minti 10 sannan ki ci gaba.

Yanzu ki zuba gyaɗar da dabinon ki juya da cokali su rarrabu ko'ina. A wannan matakin ake saka su, kafin ruwa, don in kika bari sai kin kwaɓa to dole ki yi ta murzawa kafin su shiga.

Ki fasa ƙwai ɗaya a kofi ki kaɗa, ki ƙara madara a kai har duka su kai mililita 280 zuwa 300, wato kofi ɗaya da 'yan cokula. In madarar gari ce ki dama babban cokali 4 a kofi ɗaya na ruwan sanyi. In ta gwangwani ce ki sirka rabi madara rabi ruwa. Amma wanda ya fi duka a wajena kindirmo ne ko nono mai kyau marar gari a ciki, tsaminsa yana sa cikin ya yi laushi sosai, turawan ma da irin wannan madarar mai tsami suke yin nasu da yawa. In da shi za ki yi sai ki mayar da bekin foda cokali 4 ki ƙara bekin soda rabin ƙaramin cokali, sodar ce ke haɗuwa da tsamin ta ba da iska. Kar ki wuce rabin cokalin nan, in ta yi yawa za ki ji ɗanɗanon sabulu kuma kalar ta yi duhu. Kindirmo mai kauri sai ki ɗan sirka shi da ruwan sanyi.

Ki yi rami a tsakiyar garin ki zuba ruwan amma ki rage kamar cokali 3 a kofi. Ki juya da wuƙar cin abinci ko cokali mai yatsu, kina yanka kina juyawa, har ya fara haɗuwa ya zama manyan dunƙulaye. In akwai busasshen gari a ƙasan roba ki ɗiga ragowar a kansa. Fulawa ba ta zama ɗaya, da hunturu ta fi shan ruwa, da damina kuma ba ta kai haka ba, shi ya sa ba a juyewa duka lokaci guda. Kwaɓin da ake so mai laushi ne yana ɗan manne wa yatsa, kuma ba shi da kyan gani, duk ya yi gutsi-gutsi. Haka ake so. Na san hannun da ya saba da kwaɓin burodi da cincin da fanke zai so ya murza har ya yi sumul, don Allah ki riƙe hannunki. Alkama tana da wani sinadari da ke yin danƙo idan ta haɗu da ruwa aka yi ta murzawa, a burodi shi ake nema, a sikon kuwa shi ne ke mayar da shi tauri ana ja da haƙori.

Ki barbaɗa fulawa kaɗan a tebur ki juye, ki tattaro shi da hannu biyu ki danna a hankali ya yi faɗi, ki naɗe rabi a kan rabi, ki juya shi ki sake dannawa ki sake naɗewa. Sau 2 ko 3 shikenan. Wannan naɗin ne ke ƙara masa falle. Sai ki daddanna shi da hannu ya yi kaurin santimita 3, in ba ki da abin awo ki jera yatsunki biyu a gefensa, kaurinsa ya kai su. Ba sai kin ɗauko abin murji ba. A nan mutane da yawa ke faɗuwa, su murza shi siriri suna so ya yi yawa, sai ya fito a kwance. Gara ki samu 12 masu tsayi da 20 marasa tashi.

Wajen yanka ki samu abin yanka mai kaifi faɗin santimita 6, ko ƙaramin gwangwanin da aka cire masa baki aka wanke. Kofin gilashi yana yi in babu wani amma bakinsa mai kauri ne yana danne gefen. Ki tsoma a fulawa ki danna ƙasa kai tsaye ki ɗago kai tsaye, kar ki murɗa. Murɗawa tana liƙe gefen sai ya tashi a karkace ko ya ƙi tashi gaba ɗaya. Ki yanka kusa da kusa don ragowar ta yi kaɗan, ragowar kuma ki haɗa ta a hankali ki sake yanka sau ɗaya, na biyun ba sa kai na farko kyau amma suna ciwuwa lafiya. Hanya mafi sauƙi ma ki raba kwaɓin biyu, kowanne ki yi shi zagaye mai kaurin nan, ki yanka da wuƙa mai kaifi gida 6, kin ga babu ragowa babu sake taɓawa. Mai dabino da gyaɗa ma wuƙar ta fi yanka shi da kyau don abin yanka yana cin karo da gyaɗa ya ja kwaɓin.

Ki jera a tire kusa da juna, tazarar yatsa ɗaya, suna taimakon juna su miƙe sama. Duk zabibi ko dabinon da ya leƙo waje ki tura shi ciki da yatsa ko ki cire, wanda ke sama ƙonewa yake ya yi ɗaci. In da hali ki sa tiren a firji minti 15 zuwa 20 botar ta sake kamewa, a lokacin zafi wannan ba abin tsallakewa ba ne. Sai ki kaɗa ɗayan ƙwan da madara cokali ɗaya ki shafa a sama kawai, ki kula kar ya gangaro gefe don in ya bushe a wajen yana riƙe shi. Kina iya barbaɗa suga kaɗan ko dakakkiyar gyaɗa a kai.

Ki saka a sama da tsakiyar oben kaɗan, minti 12 zuwa 15 ga masu zagaye, masu kusurwa uku manya kuma har 18 ko 20. Minti 10 na farko kar ki buɗe ƙofa, a lokacin yake tashi, iska mai sanyi na shiga zai tsaya. In kin leƙa ta gilashi za ki ga ya kusa ninka tsayinsa, gefensa ya tsage a tsakiya ya yi wani layi fari-fari da ɗan dabino yana leƙowa, saman ya yi ja yana sheƙi. Ki ɗaga ɗaya ki duba ƙasansa, in ya yi ruwan ƙasa kuma kin ƙwanƙwasa kin ji ba nauyi to ya yi. Obenmu na gas da yawa sun fi ci ta ƙasa, in naki haka yake ki haɗa tire biyu ɗaya a kan ɗaya, ko ki ɗaga shi sama, kuma bayan minti 10 ki juya tiren gaba ya koma baya.

Wadda ba ta da oben hanya biyu ce. Ta farko gashin tukunya, ki samu babbar tukunya mai kaurin gindi ki zuba yashi mai tsabta ko gishiri kaurin yatsu biyu, ki ɗora 'yan duwatsu ko murfin tukunya a kife, ki rufe ki bar ta a wuta minti 15 ta yi zafi sosai kafin ki ɗora farantin sikon a kai. Matsalar tukunya saman ba ya ja, don haka in a gawayi kike ki ɗebi garwashi ki zuba a kan murfin, wuta ta zama sama da ƙasa. Zai ɗau minti 20 zuwa 25, ki fara dubawa daga 15, kuma kar ki cika farantin. Ta biyu ita ce ta mutanen Sikotlan ta asali, a kasko. Ki yi kwaɓin bai kai wancan kauri ba, santimita ɗaya da rabi, ki ɗora kasko mai kauri a wuta kaɗan, ki barbaɗa fulawa ba mai ba, ki jera ki rufe, minti 6 zuwa 8 ki juya ɗaya gefen shi ma haka. Ba ya tsayi irin na oben kuma ba a shafa masa ƙwai, amma cikinsa laushi ne, kuma in wuta ta yi yawa waje zai ƙone ciki ɗanye, ki yi haƙuri da ƙaramar wuta.

Yana fitowa ki kwashe daga tire ki ɗora a kan raga ko faifai ya sha iska minti 10. In kina so samansa ya yi laushi ki yafa masa tsumma mai tsabta. Da ɗuminsa ake ci, a raba shi ta wajen tsagar nan a shafa bota ko zuma ko jam. A kudu maso yammacin Ingila har yau mutanen Devon da na Cornwall ba su daidaita ba, na Devon kirim suke fara shafawa sannan jam, na Cornwall jam sannan kirim. Namu mai dabino ba ya ma buƙatar jam, bota kaɗan da shayi mai citta da kanumfari sun wadatar, kuma yana riƙe ciki, shi ya sa yake daɗi da sahur ko a saka wa yara a kwandon makaranta.

In ya fito bai yi yadda kike so ba ki duba ta nan. Tauri ana ja, an murza da yawa ko ruwa ya yi kaɗan. Ya baje gefe-gefe da maiƙo a tire, bota ta narke ko oben bai yi zafi ba ko ruwa ya yi yawa. Bai tashi ba sam, bekin foda ta mutu ko an yi shi siriri. Yana farfashewa ba ya riƙe jikinsa, kayan ciki sun yi yawa, gyaɗa da dabino gaba ɗaya kar su wuce giram 220 a wannan awon duk yadda kike son su.

Sikon ba ya jure ajiya irin cincin, ranar da aka gasa ya fi daɗi. In ya rage ki bari ya huce gaba ɗaya ki sa a roba mai murfi, zai kai kwana 2, in za a ci ki ɗumama shi minti 5 a oben ko a kasko a rufe. Kar ki sa gasasshe a firji, bushewa yake. In wutarku tana zama, abin da ya fi shi ne ki yanka ɗanyen ki jera a tire ki daskarar a firiza, in sun yi tauri ki juye a leda ki ɗaure, suna kai wata ɗaya lafiya, duk ranar da baƙi suka zo ki ɗebo ki shafa ƙwai ki saka a oben a daskarensu ki ƙara minti 3 zuwa 5. Masu niyyar sayarwa kuma ku gasa da safe ku sayar a ranar, kuma kar a ƙulle shi a leda yana da sauran ɗumi, zufa zai yi saman ya jiƙe kuma ba zai kai gobe ba a zafin nan.